Hannu a Kan Ƙirji

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya, sai kewarku.

Yaya, akwai maganar da na kasa yi miki a waya, don muryata za ta tona mini asiri. Tun ranar da Aku ya yanke jiki ya faɗi a shagonmu da zarto a hannunsa, bai sake tashi ba, barci ya ƙaurace mini. Tare muka zo duniya, tare muka koyi aikin kafinta, shi yana zuba surutu ni ina sauraro, har kuka laƙaba mana Aku da Shiru. Yanzu in na duba madubi, fuskar ɗan tagwaina nake gani.

Wata nas ce ta koya mini wani zama. In sami wuri, in rufe ido, in ɗora hannu a ƙirji, in bi numfashina yana shiga yana fita, in tunanin Aku ya zo kada in kore shi. Da rana nakan ja ƙofar shago in zauna a bencinmu, cikin ƙamshin dusar katako. Kada ki ce na zautu. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, addu'a ce kawai tsakanina da shi. Amma a zaman nan nakan ji kamar kafaɗarsa na jikin tawa, yana shirin tsokanata kan ƙusar da na buga a karkace. Har dariya na taɓa yi ni kaɗai.

To, a zaman ne na ji abin da ya firgita ni. Zuciyata tana bugawa daidai, sai ta tsaya cak, sannan ta zabura da gudu. Aku ya taɓa cewa tasa tana yi masa wasan ɓuya, muka yi dariya muka ci gaba da aiki. Yaya, tsoro nake ji. Ban gaya wa maman yara ba, balle Mama.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Shiru

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, faɗan ma ya iso lafiya. Ya jikin maigidan?

Kafin wasiƙar ta zo na daina zaman. Na ɗauka in ban saurara ba abin zai bari. Sai ya zama na rasa jin Aku kusa da ni, tsoron kuma yana nan. Guduma ta suɓuce mini ina kan tsani, na sauko na zauna a ƙasa daidai inda ya faɗi. A nan maman yara ta same ni da ta kawo abinci. Ta kulle shagon da hannunta ta tare mana mota zuwa asibiti.

An manna mini wayoyi a ƙirji, an kwantar da ni a ɗaki mai sanyi. Likita ya daɗe yana kallon takardar kafin ya tambaya ko wani ya taɓa mutuwar fuju'a a danginmu.  Maman yara ce ta ba shi amsa, ta faɗi sunan Aku.

Ciwon zuciya ne na gado, Yaya. Za su yi mini aiki su sa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, wadda za ta riƙa tsare bugun. Ya ce a kawo yarana ma a duba su, ke ma ki je da naki. Jiya 'yata Auta ta shigo da gudu tana haki ta faɗa jikina, na riƙe ta ina sauraron ƙirjinta har ta ce ina matse ta.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaya wa Mama, ni ba zan iya ba.

Ƙaninki,
Shiru

Yayata abar ƙauna,

Ina gaishe ki daga gadon asibiti, ki yi haƙuri da rubutun, kafaɗar ba ta saki ba tukuna. Kin je an duba ki kuwa?

An yi aikin, an kuma yi nasara. Manyan yaran lafiyarsu ƙalau. Auta ce aka ce a dawo da ita a sake dubawa, kuma ba zan ɓoye miki ba, duk sanda likita ya doso gadona sai in zaci maganarta ya kawo.

Na gwada zaman a nan. Bugun ya daidaita, ba tsayawa ba gudu, amma na ji shi baƙo, kamar ba irin na Aku ba. Na jira, Aku bai zo ba. Ina cikin share hawaye Mama ta shigo tana dogara sandarta. Kin san tun rasuwarsa ba ta iya kallon fuskata sosai. Ta tambayi abin da nake yi da ido a rufe, na gaya mata duka, ina jiran faɗa.

Sai ta ja kujera ta ce, "Koya mini."

Na ce ta rufe ido ta ɗora hannu a ƙirjinta. Ta rufe idon, amma a nawa ƙirjin ta ɗora hannun, gefen bandejin. Muka daɗe a haka. Can ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, haka take jin mu lokacin muna cikinta, ba ta taɓa iya bambance bugun wane da na wane ba.

Da nas ta zo canza bandeji ta gan mu, sai ta juya ta ja mana labule.

Ki zo in kin samu hali, Mama na son mu je da Auta wurin likita gaba ɗayanmu. Ki gaida yara.

Naki har kullum,
Shiru