Na ba babban ɗana sunan ƙanensa don ya buga ƙwallon kwando

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka ɓoye lambata. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma zai zage ni ya zaga, na riga shi.

Ni mai walda ne a Zongo nan Yamai, asalina Tawa, na haura hamsin, lakwal aji huɗu na yi na bari, ku yi haƙuri da rubutuna. Ina da 'ya'ya maza biyu a jere, shekara biyu tsakaninsu, zan kira babban Isuhu, ƙaramin Laminu, ba sunayensu ba ne.

Isuhu tun yana yaro dogo ne, ƙwallon kwando ya sa a gaba, ni da hannuna na lanƙwasa ƙarfe na yi masa zobe na kafa a bangon gida. Shekara shida da suka wuce aka zo zaɓen yara 'yan ƙasa da sha bakwai, za a yi masu lisans, katin nan da ba a shiga fili sai da shi. Isuhu ya wuce shekarun da wata biyar kacal. Ya dawo gida ya ƙi ci ya ƙi sha. Wani mai kai yara fili ya ce mini ai abu ne mai sauƙi, a kawo takardar haihuwar ƙane, a manna hoton wa, shi ke nan. Laminu a lokacin gajere ne, ga asma, ko gudu ba ya yi, kullum kansa cikin littafi. Na buɗe akwatin uwarsu na ɗauki takardarsa. Ban tambaye ta ba, shi ma ban tambaye shi ba, a ganina yaron da ba zai taɓa riƙe ƙwallo ba me zai rasa.

Daga ranar, Isuhu a fili sunansa Laminu. Mukan je kallo, jama'a na ihu Laminu, Laminu, mai sunan na gaskiya yana zaune gefena yana cin gyaɗa, ya zungure ni ya ce "Baba ka ga yadda nake zuba masu, ko zufa ban yi ba." Mu yi ta dariya. Wallahi dariya na ɗauki abin.

Da Isuhu ya samu bak, wato takardar gama sakandare, wata jami'a mai zaman kanta wajen Koira Kano ta ɗauke shi saboda ƙwallo, karatun ma kyauta yake yi muddin yana cikin ekip, wato ƙungiyar ƙwallonsu. Katinsa na ɗalibi sunansa na gaskiya, lisans ɗinsa sunan ƙane. Tsohon kocinsu ya sani, shi ke haɗa takardun da kansa, babu wanda ya taɓa tambaya.

To bana komai ya canza. Tsohon koci ya tafi, an kawo sabo, yara biyar sun gama karatu, ana neman masu cike gurbi kafin a buɗe kakar wasa. Isuhu ne kaɗai ya rage cikin manya, shekararsa ta ƙarshe ke nan, an ce shi za a ba kaftin. Abin da ban lura da shi ba, Laminu ya miƙe. Asma ta tafi, yanzu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagona. Ashe zoben nan na bango da wansa ya bari, shi ke jifarsa kullum bayan na fita aiki. Ya samu bak bana, ya shiga jami'ar nan, ya je gwaji bai faɗa wa kowa ba. Cikin yara masu yawa aka zaɓe shi.

Da aka kai takardarsa za a yi masa lisans, na'ura ta nuna mai wannan suna da wannan ranar haihuwa yana da lisans shekara shida, ga hoton wansa a kai. Sabon koci ya kira ni, mutum ne mai mutunci, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi suna ɗaya yake gani da mutum biyu, kuma ba zai sa hannu a kan ƙarya ba. Ko dai Laminu ya janye, abin ya tsaya yadda ya tarar da shi, ko a je ofishin lisans a faɗi gaskiya, kuma ya ce in sani in an faɗa ana iya dakatar da Isuhu, in an dakatar da shi kuwa karatun kyauta ya tafi. Ranar Alhamis ake rufe sunaye.

Gidana yanzu ba ya zaunuwa. Isuhu ya ce shekara ɗaya ce kawai, ƙane ya yi haƙuri, baɗi ya bar masa suna da fili duka. Laminu ya ce baɗi ma ƙaryar ce zai gada, katin da ya nuna ya buga shekara bakwai bai taɓa bugawa ba, da fuskar wani. Har ya ce wa wansa "Yaya, aron riga ma ana mayarwa a wanke, kai shekara shida." Isuhu ya miƙe, sai da na shiga tsakani, ni da ban kai kafaɗar kowa cikinsu ba. Uwarsu ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, Malam wanda ya buɗe akwati shi ya san yadda zai rufe. Tun ranar abinci kawai take ajiye mini.

Na gwada lallashin Laminu, na ce ya bari in nema masa wata ekip a gari. Ya ce ko ina ya je na'urar ɗaya ce. Sai ya dube ni ya ce "Baba ni ba riga mai lamba nake roƙo ba. Ranar suna kai ka yanka rago ka ce Laminu. Wa ka ba?" Jiya na ƙona hannuna da walda, abin da rabona da shi tun ina koyo.

Ni na yi laifin, ba su ba. Isuhu yaro ne lokacin, abin da ubansa ya miƙa masa ya karɓa. Masu sanin dokar wasan nan cikinku, in na je ofis da ƙafata na ce ni na ɗauki takarda, ni na manna hoto, za su hukunta ni su ƙyale yaron, ko shi za su kama? Kar ku ce in je in yi addu'a kawai, ina yi. Kar ku ce in nemi wata takardar, da wannan hanyar na shiga nan.

Koci ya ce in zo masa Laraba da su biyun. Za su tsaya gabana, ɗaya dama ɗaya hagu. In ku ne ni, wane ɗa za ku kalla ku ce masa ya koma gida?