Harshen Baba da Idonsa

Margilan

Zuwa ga ƙanena Doniyor,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sanyin Koriya da injinan da kake yini a cikinsu. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, yarana sun koma makaranta, dangin amaryarka kuma sun aiko cewa ɗinki ya yi nisa. Saura kai, ango, da ba ka iya kiran waya sai ran da ka yi kewar girkin gida.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, don a waya yana kusa, ba na iya faɗa. Ka san tun kafin a haife mu yake tsaye a kan tukunyar osh, dafa-dukar shinkafa da nama ta bukukuwan unguwa, hayaƙi na dukan fuskarsa. Idanunsa sun bushe, ko albasa yake yankawa ba hawaye. Kullum cewa yake kamar an zuba masa yashi. Da ƙyar na ja shi wurin wata likitar ido a Fargana, ta rubuta masa maganin ɗigawa safe da yamma, ta ce ba na dainawa ba ne. Yana ɗiga shi sai raɗaɗi, ganinsa ya dushe na ɗan lokaci. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, maganin yana gangarawa ta ciki har maƙogwaro, ya bar masa ɗaci kamar ya tsotsi ƙusa mai tsatsa. Shayi ɗaci, burodi ɗaci, kankana ma ɗaci. Likitar ta canza masa wani, wannan kuwa ƙunarsa ta hana shi buɗe ido a gaban wuta, dole aka koma na farko.

Ana haka sai bikin ɗan Hoshim mai gidan wanka, maƙwabcinmu. Baba ya ɗanɗana romon kafin ya zuba shinkafa, bai ji gishiri ba, ya ƙara. Ya sake ɗanɗanawa, ya sake ƙarawa. Da safe maza suka cika tsakar gida, bibbiyu a faranti, dattawa suka yi addu'a aka shafa. Aka fara ci. Amma farantai suka riƙa dawowa da rabin shinkafarsu, wasu ma naman kawai aka tsince. Baba na tsaye riƙe da ludayi yana kallonsu suna wuce shi. Hoshim ya zo ya rungume shi ya yi masa godiya, har da kyautar riga, kuma ina jin wannan ya fi masa zafi da a ce zaginsa ya yi.

Daga nan ya daina ɗiga maganin ba tare da mun sani ba. A gabanmu sai ya ɗaga kai ya matsa kwalbar a rufe. Harshensa ya dawo, ya yi bukukuwan kaka duka, mutane na yabonsa suna cewa Usta Mirsaid, gwanin tukunya, ya dawo hayyacinsa. Mu ma muna ta murna, wawayen banza. Wata safiya ya tashi idon hagu ya yi ja ya ƙi buɗuwa. Likitar ta ce gyambo ne ya fito a kan ƙwayar idon saboda bushewa da murza. Gyambon ya warke, amma ya bar hakiya, yanzu haske kawai yake gani da shi. Ta gaya mini a fili cewa in ya sake dainawa, na daman ma hanyar da zai bi ke nan. Na yi kuka a cikin mota har gida, shi kuwa yana mini tsiya wai hawayen da nake zubarwa da na ara masa.

Yanzu ni nake ɗiga masa da hannuna. Amma shekaranjiya ya gaya wa Inna cewa wata guda kafin bikinka zai ajiye maganin. Na ce ni zan ɗanɗana masa romon, ya ce yaushe aka ga mace a kan tukunyar maza, kuma ni da ma gishirina bai taɓa daidaita ba. Da na matsa, ya ce, "Ke, da ido ɗaya ma ana ganin tukunya. Ɗana guda zai yi aure, wani ƙato ya dafa masa ina zaune?"

Doniyor, ina jin tsoro ƙwarai. Ni da Inna mun yi iyakar yinmu. Bikinka ne, kai kaɗai za ka iya ce masa ka riga ka ba wani mai girki aikin, kana so ya zauna cikin dattawa. Kada ka roƙe shi, zai fi ka baki. Ka yanke kawai. Zai yi fushi, mai yiwuwa har ranar bikin ya ƙi ɗaga ido ya dube ka. Na fi son ya ƙi dubanka da a ce ya so ya kasa.

Ka gaida mini Ilhom ɗan Kawu da matarsa Sanobar da jaririnsu. Inna na sa maka albarka, yara na gaishe ka. Ka kira ranar Juma'a bayan masallaci, lokacin Baba yana gida.

Yayarka,
Zebiniso