Tawul ɗin da ke kan kyamara

Kaka,

Ki gafarce ni da na rubuta maimakon in faɗa miki baki da baki. Barci ya ɗauke ki a kujera, na kasa tashin ki.

Ni ce na cire tawul ɗin da ke kan kyamarar falo, wadda Mama take ganinmu da ita. Jiya da aka rufe madubai bisa al'ada saboda rasuwar Baba Tsoho, na ji Inna Saveta tana cewa, "Gilashi ai gilashi ne, ku rufe har da wancan ɗan sa-idon."

Ɗazu Mama ta kira daga Torino, can Italiya. Ta ce, "Ilinca, na buɗe waya, duhu kawai nake gani. Ina babana?" Ba ta samu mai riƙe mata tsohuwar da take aikin jinyarta a can ba, ba za ta zo jana'iza ba.

Madubai ban taɓa su ba. Don Allah kada ki mayar da tawul ɗin sai an fita da gawarsa daga falon.

Mama ta ce kwalar rigarsa ta karkace, a gyara masa. Na tsaya a kansa, hannuna ya ƙi.

Na bi ta ƙofar baya, zan karɓo kyandir a coci.

Ilinca