Gilasan da Baba ya canza a hasumiyar agogo

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, yau kwana tara ke nan ban sami wanda zan buɗe wa cikina ba.

Ni injiniyar gine-gine ce. Aikina duba tsofaffin gine-gine, in faɗi ko za su iya tsayuwa idan ƙasa ta girgiza. Bara an yi 'yar girgiza a garinmu, wadda ba ta wuce zubo da kofuna daga kan kanta ba, sai ofishinmu ya tura ni in duba hasumiyar agogo da ke bakin kasuwa. Ta jan bulo ce, ta haura shekara ɗari, ba ƙarfe ko ɗaya a cikinta. Teloli da masu gyaran takalma a inuwarta suke wuni. Mai kula da ita kuwa mahaifina ne. Shekara talatin da takwas yana hawa matakala tamanin da shida kullum da safe ya wana agogon. Tun rasuwar Mama, da agogon nan yake hira fiye da mu 'ya'yansa.

Na tarar da tsaga a bangon gabas, daga ƙasan taga ta biyu zuwa sama. Yadda muke yi shi ne, mu manna ɗan siririn gilashi a kan tsagar. In ya fashe, bango na motsi. In bai fashe ba, tsohuwar tsaga ce da ta kwanta. Na manna huɗu, na bar ragowar da gam a ɗakin agogo, na ce wa Baba ya sa mini ido a kansu. Iyakar abin da na faɗa masa ke nan.

Wata shida ina zuwa ina ganin gilasaina garau. Na rubuta rahoton farko na ce ba motsi, na sa hannu. Makon jiya na kai masa abinci can sama, sai ya ce mini, yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki, gilasan nan nawa ba su da ƙwari, sau bakwai yana canza mini su don kada manyana su zo su ga aikina a farfashe. Sau bakwai bangon nan ya motsa, ni kuma na rubuta wa hukuma cewa lafiya lau.

Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce za a rufe hasumiyar. Ya dube ni ya ce ashe karatun da ya biya mini na rushe shi ne. Tun ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Yayana yana wani gari, da na kira shi ya ce in rufa wa tsoho asiri, wace girgiza kuma. A ofis ba wanda ya sani. A kasuwa dama tuni teloli suke kirana Uwar Girgiza, in na wuce su kama teburansu suna rawa da su. Da ina dariya, yanzu sai in kalli bulon da ke saman kawunansu in sauya hanya. Ina komawa ɗakina in zauna da takardar gyaran rahoto, in rubuta layi ɗaya in soke. In na faɗi gaskiya Baba zai rasa hasumiyarsa, wataƙila a ce ya yi zagon ƙasa. In na yi shiru, mutanen nan suna wuyana. Kaɗaici ya ishe ni.

Mai auna tsaga

Ƙanwata mai auna tsaga,

Na ji ki, kuma na tausaya miki. Amma batun rahoto ba ya cikin abin da za mu yi muhawara a kai. Gobe da safe ki sami shugabanki ki faɗa masa baki da baki, ki nemi a tsayar da zama a gindin hasumiyar kafin a gama bincike, a kuma haɗa ki da wani injiniyan ku duba tare. Telolin da ke tsokanarki suna da 'ya'yan da ke jiransu a gida.

Sai dai ki rubuta abin yadda ya faru. Baba bai yi zagon ƙasa ba. Mutumin da ya shekara talatin da takwas yana gyara duk abin da ya lalace kafin kowa ya gani, kin ba shi gilashi da gam kin ce ya sa ido, me kike tsammani zai yi? Ba ki gaya masa fashewar ita ake nema ba. Wannan kuskurenki ne, ki sa shi a rahoton da sunanki, shi ne zai kare mutuncinsa. Yayanki kuwa ki sake kiransa, ki ce ba izini kike nema ba, zuwa kike so ya yi ya zauna da mahaifinku.

Sannan ki hau matakalan nan ki ba Baba haƙuri kan ɗaga murya. Kada ki je da bayani, ki je da littafinki da biro. Mai wana agogo ba ya manta rana. Ki tambaye shi yaushe kowane gilashi ya fashe, wanne ya riga, bayan ruwan sama ne ko lokacin zafi. Abin da kika rasa na wata shida yana kansa, kuma duk garin ba mai shi sai shi. Ki rubuta sunansa a matsayin wanda ya ba da shaida, ki kuma roƙi a bar agogon a hannunsa idan an sauko da shi lokacin gyara.

Ban ce zai sake miki fuska a ranar ba. Zai yiwu ya amsa miki yana kallon bango. Ki rubuta duk da haka, ki koma washegari da abincinsa. Allah Ya tsare mutanen da ke ƙarƙashin hasumiyar, Ya sanyaya zuciyar Baba, ke kuma Ya ba ki abokin shawara na kusa.

Antinku