Bashir Ya Canza Kamfani

Sani, jikana Bashir ya samu aiki a wani sabon kamfanin dillancin gidaje!

Af, salamu alaikum. Ya Legas, ya iyali, ya ƙafar taka?

Tsohon ubangidansa ya rantse ba mai ɗaukarsa, wai darajar kamfaninsu yake ci. Ƙarya ne! Ni da na koyi boko a ajin yamma na zaunar da shi. Na sa ya cire hoton allon tsohon kamfanin daga shafinsa na intanet, ya sa hotonsa, ya lissafa filayen da ya sayar da kansa har garin Kalmalo, ya rubuta yana jin Fillanci. Fillancin nan ya sa aka ɗauke shi, don makiyaya na neman filaye.

Ku sa shi addu'a, a gaida yara. Kowa ya zo nan Illela ya gan shi bakin aiki, har ubangidan!