Yadda Jirgin Ya Tashi Babu Baba

Umlazi, Durban

Zuwa ga yayata Duduzile,

Sisi, gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Lindani da 'yan biyu. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi a kan aikin asibiti da sanyin Leeds, ya kiyaye fitarki da shigarki. Mu nan sai godiya. An yi ruwa sosai a watan nan har katangar bayan gida ta karkace, amma ba ta faɗi ba. Gwaggo Thoko ta samu sauƙin ƙafar, ta koma coci. Baba yana cin abinci, ba kamar da ba dai, amma in na haɗa masa phuthu, tuwon masarar nan, da nono mai tsami yakan taɓa. Hannun hagun ne har yanzu bai dawo ba tun shanyewar jikin da ya samu.

Na zaɓi in rubuto ne domin in na kira ki a waya Baba yana jin komai, kin san allo ne kawai tsakanin ɗakina da nasa. Na san ɗan'uwanmu Bhuti Thulani ya turo miki hotuna daga jirgin ruwan, ya kuma ce miki Baba ne ya gaji a ranar tafiya ya ce a mayar da shi gida. Ba haka aka yi ba. Ke kika yi gumin wannan tafiya don cikar Baba shekara tamanin, ke ce kuma ba ki samu zuwa ba, don haka haƙƙinki ne ki ji yadda abin ya kasance.

Yanzu ba tikitin takarda suke bayarwa ba. Wani abin hannu suka aiko wa kowannenmu, kamar agogo marar fuska, madaurin roba da ɗan faifai kamar murfin kwalba, an buga sunan mutum a kai. Shi ne tikiti, shi ne mukullin ɗaki, da shi ake sayen ko da shayi ne, kuma in mutum ya duba waya zai ga inda kowane ɗan'uwansa yake a cikin jirgin. Da ma kin ga fuskar Baba ranar da na buɗe masa kwalin. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dakon buhunan sukari da akwatunan Turawa a tashar nan, lokacin da baƙin mutum ba ya taka benen jirgin fasinja sai da kaya a kafaɗa, yau ga sunansa, Mzwakhe Gumede, a jikin mukullin ɗaki. Ya ce in ɗaura masa nan take. Da shi yake wanka, da shi ya je coci. Dattawan ƙungiyar maza suka taso shi da tsokana, wani ya ce, "Gumede, agogon nan naka ƙarfe nawa ya ce?" Baba ya duba hannunsa a tsanake ya ce, "Ya ce lokacinku bai yi ba tukuna." Rabon da in ji ya yi irin wannan dariya tun Mama tana raye.

Abin hannun ba ya aiki sai an gama yi wa mutum rajista ta waya, a sa hotonsa da fasfo da bayanin lafiyarsa. Thulani ya ce shi zai yi wa kowa, tunda shi ne namiji babba kuma shi ya iya. Na tambaye shi fiye da sau ɗaya ko akwai abin da ake bukata daga asibitin Baba, ya ce, "Khethiwe, ke dai ki haɗa kaya. Abin waya ki bar wa masu waya." Na koma haɗa kaya, don ba na son a ce ni na kawo rigima cikin abin alheri.

Ranar Juma'ar muka isa tashar da hantsi. Baba ya sa kwat ɗinsa na coci da hular nan mai gashin tsuntsu. Ma'aikata suka karɓi akwatunanmu tun daga bakin titi suka wuce da su. Zauren cike yake da jama'a, an ja layi da igiyoyi, a ƙarshen kowane layi akwai ƙofar gilashi da allo a gefenta. Mutum ya kara hannunsa, allon ya nuna hotonsa ya yi kore, ƙofa ta buɗe. Sai Thulani ya ce su bari su yi gaba da matarsa Phindile da yara su kama mana wurin cin abinci, mu biyo a hankali ina tura Baba a keken marasa lafiya. Muna kallo suka kara hannu ɗaya bayan ɗaya suka shige. Ƙaramar ce kawai ta waiwayo ta ɗaga wa kakanta hannu.

Da layi ya zo kanmu Baba ya ce in tsayar da keken. Ya ce ba zai shiga jirgin nan a zaune ba. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya gyara hularsa, ya taka da ƙafarsa har gaban allon, mutanen da ke bayanmu har suna tafa masa. Na kara nawa ya yi kore. Ya kara nasa ya yi ja. Ya sake karawa, ya goge faifan da gefen kwat ɗinsa ya sake, ja dai. Tafin ya tsaya. Wani ma'aikaci ya zo ya ce mu koma gefe don layi ya wuce, Baba ya koma cikin kekensa.

Yarinyar da ke teburin gefe ba ta wulaƙanta mu ba, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ta duba ta ce rajistar Baba ba ta cika ba. Duk wanda ya samu shanyewar jiki kwanan nan sai likitansa ya rubuto cewa zai iya tafiyar teku, likitan jirgi kuma ya duba ya amince tun kafin ranar tashi. Ta ce sun yi ta tura saƙo ga lambar wanda ya yi rajistar, har kira sun yi, ya ce musu ya ji. Na roƙe ta, na nuna mata katin asibiti da magungunan da ke jakata. Ta kira shugabarta, ita ma ta kira cikin jirgi, amsar dai ɗaya ce. Na kira asibitinmu, aka ce likitan Baba sai Litinin.

Sai na kira Thulani. Wayar tana ringi ina kallon ɗigon sunansa a allon wayata, yana can bene na sama, wurin abinci. Da ya ɗauka ina jin kiɗa da ƙarar cokula. Na gaya masa abin da ake ciki, ya ce kash, waɗannan mutane da ƙa'ida. Na ce ya sauko. Ya ce wanda ya shiga ba a barinsa ya fita. Yarinyar teburin tana ji, ta girgiza min kai alamar ba gaskiya ba ne. Sai ya sassauta murya ya ce, "Ki yi tunani, Khethiwe. Tsoho da keke a tsakiyar teku, in ya faɗi fa? Ke ki shigo ki huta, kin fi kowa wahala da shi. Maƙwabcinku Bab' Shange zai kai shi gida, Gwaggo Thoko ta kwana da shi." Na ce Bab' Shange yana Umlazi, yaushe zai iso. Ya ce in duba wurin ajiye motoci.

Sisi, yana can. Maƙwabcinmu Bab' Shange, zaune a cikin motarsa yana karanta jarida. Da ya gan mu ya fito da fara'arsa ya ce har an gama rakiyar? Na ce wace rakiya. Ya ce ai tun makon jiya Thulani ya same shi ya ce Baba ba zai yi tafiyar ba, yana dai son ya raka su ya ga jirgi, don haka ya zo ya jira ya mayar da shi. Bawan Allah bai san komai ba. Da ya dubi kwat ɗin Baba da abin da ke hannunsa sai ya gane, ya naɗe jaridar ya rasa inda zai ajiye ta. Duk wannan a kunnen Baba aka yi. Abin da ya ce kawai shi ne ina akwatinsa. Na ce ya riga ya shiga jirgi. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla. Shi dai ya samu shiga."

Ya ƙi mu tafi gida. Ya ce a kai shi bakin mashigar tashar, inda masunta suke jefa ƙugiya. Nan muka zauna har la'asar. Jirgin ya zo ya wuce ta gabanmu, kusa ƙwarai, tsayinsa ya tare rana, mutane cike da benaye suna ɗaga hannu ga duk wanda suka gani. Baba ya bi benayen da ido ɗaya bayan ɗaya, na san jikokinsa yake nema. Bai gan su ba. Da jirgin ya fita teku ya miƙo min hannunsa ya ce in kwance abin, yana matse shi. Madaurin ya bar masa shaida a fata.

Su Thulani sun dawo da tsarabar kashu daga Mozambik da wata riga mai hoton jirgi. Phindile ta shigo tana cewa ai da Baba ya je da ya sha wahala, hawa da sauka sun yi yawa. Thulani ya ajiye akwatin Baba a bakin ƙofa, kayan ciki a ninke yadda na shirya su. Na jira Baba ya yi masa magana. Sai ya tambaye shi ko teku ta yi kwanciya, ya ce yara su zo ya gan su. Ni ce na bi Thulani har mota. Ya ce min wani lokaci dole a samu mai yanke shawara mai wuya a gida. Na ce da ya yanke ta a gaban Baba, da bakinsa, ba ya bar wa jan allo ya faɗa masa a gaban jama'a ba. Ya ja ƙofar motarsa. Tun ranar ban kira shi Bhuti, wato Yaya, a fuskarsa ba.

Ga dalilin da ya sa ban bar maganar ta kwanta ba. Thulani ya fara zancen wani gidan tsofaffi a Pinetown, wai akwai masu jinya dare da rana, wai ni ma in samu in yi rayuwata. Zai kira ki, zai yi miki magana mai daɗi irin ta masu hankali, kuma ya san in kin yarda Baba ba zai musa ba. Kada ki amsa masa komai sai kin zo kin ga Baba da idonki. Ban gaji ba, in na gaji ni zan faɗa. Ki yi ƙoƙarin zuwa lokacin Kirsimeti. Baba ya daina zuwa taron ƙungiyar maza, ya ce ƙafarsa ce, amma na san tambayar da yake gudu.

Ki gaishe min da Lindani, ki rungume min Ayanda da Andile, ki ce musu kakansu ya ajiye hotonsu kusa da gadonsa. Gwaggo Thoko tana gaishe ki, haka Bab' Shange, wanda har yau ba ya iya haɗa ido da Baba ko da yake ba shi da laifin komai. Baba ya ga ina rubutu ya tambaye ni ko ke ce. Ya ce in gaishe ki, in ce ya gode, Ubangiji ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka. Ya ce kuma in gaya miki kada ki ga laifin kowa, shi ne da kansa ya ga girman jirgin ya ji tsoro ya fasa. Ya sa na yi masa alkawari zan rubuta hakan. Ga shi na rubuta.

Ƙanwarki da ke kewarki,
Khethiwe