Zuwa ga Isiyaka, Mai Allo da Fitila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da shagonka na Kumasi. Na gaishe da shagon daban, don na ji an ce yanzu shi ma babban mutum ne.

Ka san karatuna a aji shida ya tsaya, shi ma malamin ne ya gaji ya tura ni gaba. In ka ga kuskure, ka gyara a zuciyarka, kada ka buga waya.

Na ga hoton da ka saka. Sunanka a allo, baƙaƙe manya kamar na asibiti, har da fitila mai kunna kanta. Na danna maka alamar so, amma Allah ya ga yatsana ne ya danna, ba zuciyata ba. Ranar ko tuwon matata Maman Rabi bai shiga ba.

Ka tuna mu biyu a shagon ɗinki na unguwar Nima, wajen Masa. Haka ake kiran maigida a ƙasar nan, Masa, kamar wadda ake soyawa a tanda. Rana ɗaya aka yaye mu, aka zuba mana hoda har muka zama kamar fatalwa, muka koma kan kekunanmu washegari.

Ka tuna babbar rigar da ka yi sati uku kana yi mata aiki a wuya. Da mai rigar, Alhajin unguwar Kanda, ya zo karɓa, ya yaba har ya cire tabarau, Masa ya buga ƙirji ya ce hannunsa ne. Kai kuwa ka ajiye almakashi, ka ce mini, "Tanko, ni na tafi inda za a san hannun wa ne." Na raka ka tashar Kumasi ina yi maka dariya. Na ce kafin azumi za ka dawo kana roƙon kujerarka.

Azumi ashirin da bakwai ke nan ina gadin kujerar.

Ni kuwa kullum da dalilina. Maman Rabi na da ciki. Rabi ta fara makaranta. Damina ta zo. Damina ta wuce. Masa ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ya gaji shagon. Wanda na goya a wuya zuwa filin idi, har ya jiƙa mini hula. Yau shi nake ce wa Masa, kuma yana amsawa ba ko kunya.

To ga abin da ya sa na rubuto. Rabi ta bar aikinta na sayar da waya a kasuwar Circle. Shekara huɗu matar da ke da shagon ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke, 'yar Zongo", wato 'yar unguwarmu ta Hausawa. Ta ce za ta kafa rumfa a bakin titin Maamobi, ta soya masa, ta dama koko, kamar yadda kakarta ta koya mata.

Kuma kai ta fara bugawa waya. Kai. Ni da na yanka mata rago, sai daga baya na ji. "Baba Isiyaka ya ce in fara ko da tanda ɗaya ce." Wallahi na ji kamar na zauna a kan allura.

Sai na hana. Na ce ba da albarkata ba. Na kawo mata dalilai har goma: hayaƙi, ruwan sama, masu rusa rumfuna, mijin aure da zai ji tana ƙamshin mai. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Baba, kai ka shekara ashirin da bakwai kana faɗin masa. Ni sayar da ita zan yi."

Uwarta ta yi dariya har ta riƙe bango. Ni na fita alwala, alhali da alwalata.

Sati biyu tanda na jingine a ɗaki. Yarinyar nan ta rantse ba za ta hura wuta ba sai na sa albarka. Ni kuma ina wucewa ina kallon sama. Ba hayaƙin nake tsoro ba, Isiyaka. Tsoro nake ita ma ta tashi ta bar ni zaune, in zama ina danna wa 'yata alamar so da yatsa kaɗai.

Shekaranjiya mai fenti ya kawo allonta. Ashe tun kafin rigimarmu ta ba shi aikin. Ta ce ya rubuta Masar Tanko. Shi kuwa ɗan Zongo ne irinmu, Hausarmu ta nan ba ta da lokacin jan wutsiyar kalma. Ya rubuta MASA TANKO, da ja, ya ƙara zanen tanda.

Rabi ta ce a mayar a gyara. Na ce wanda ya taɓa allon nan, ni da shi ne har gaban sarkin Zongo.

Jiya da kaina na hura mata gawayi. Wani direban turoturo, motar hayarmu ta nan, ya karanta allon, ya leƙo ta taga ya ce, "Masa Tanko, ina kwana!" Na amsa da murya irin ta masu shago, na makara aiki, kuma ban ba wa ɗan Masa haƙuri ba.

Har yanzu ina jin haushin fitilarka, ba zan ɓoye maka ba. Amma naka allon ba ya ƙamshi.

Ka zo kafin azumi, mutumina. Kujerarka na nan, na gaji da gadinta. Allah ya ƙara wa shagonka albarka, ya tsare wa Rabi rumfarta, ya cire mini sauran abin da ke raina game da kai, ko da kaɗan-kaɗan ne. Amin.

Naka, wanda ya yi maka dariya a tasha,
Masa Tanko